Baƙon Duniya

Suna shi ne tushen girman kai, kuma duk wanda ya ɓoye sunansa ya toshe wa Shaiɗan babbar ƙofa. Wannan ita ce fatawar Alhaji Gide na Kankara, dillalin hatsi, ranar da ya buɗe Zauren Gyaran Zuciya a Telegram. Dokarsa ɗaya ce: kowa ya shigo da sunan aro, don a wurin Allah babu ɗan wane. Shi ya zaɓi “Ƙaramin Bawa”. Sai dai da murya yake turo wa'azinsa, saboda haka ko kurma ya san wane ne.

Ɗiyarsa Fatima Zahra'u tana ciki da sunan “Mai Jiran Rahama”. Shekara guda da rasuwar mahaifiyarta, ta tambayi zauren ko laifi ne har yanzu tana kuka. Mutum goma sha ɗaya suka turo mata hukunci. Ɗaya kaɗai, wani “Baƙon Duniya”, ya rubuta:

“Ba laifi ba ne. Zuciya tsoka ce, 'yar'uwa. A bar ta ta huta, za ta yi laushi.”

Wata Juma'a ita da Goggo, yayar Alhaji, suka tsaya sayen nama a Sheme kan hanyarsu ta zuwa Daudawa. Goggo ta latsa naman ta yamutsa fuska.

“Yaro, wannan sa ne ko tayar mota?”

“Yankan yanzu ne, Goggo,” in ji matashin mahaucin, Bilya. “A bar shi ya huta, zai yi laushi.”

Fatima Zahra'u ta ɗago ido. A hankali ta ce, “Baƙon Duniya? Ni ce Mai Jiran Rahama.”

Wuƙar ta kuɓuce masa.

Kafin la'asar saƙonsa ya iso: “Rahamata, yau na yanke yatsa saboda ke.”

“Allah Ya ƙara. Wa ya ce ka kalle ni?”

“Kin dai ga abin da nake. Hannuna ƙarni yake.”

“Akwai sabulu a Kankara, Baƙona. Ka turo magabatanka.”

Ya turo. Alhaji ya saurare su cikin mutunci, ya ce zai yi shawara. Suna fita ya kammala shawarar.

“Mahauci? Ɗiyata? Ga Adnan ɗan Alhaji Mani na Sabuwa, mai digiri, na riga na yi wa ubansa magana.”

Adnan ma yana zauren, da sunan “Ibnul Ƙalam”, yana kwaso dogayen rubuce-rubuce daga wasu wurare, wani lokaci har da sunan mai su a ƙasa.

Kwana uku Fatima Zahra'u ba ta amsa saƙon Bilya ba, don ba ta san da wane baki za ta faɗa masa ba. Shi kuwa ya ɗauka ƙarnin ne ya iso Kankara. Ya rubuta: “Na gane. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni.”

Ta kai wa Goggo wayar tana hawaye. Goggo ba ta iya karatun boko ba, amma tana sauraron duk muryar da ƙanenta ya tura, kuma ba ta mantuwa. Ta sa aka nemo mata wata ta watan azumi, ta sami Alhaji a zauren gidansa, ta danna.

Muryar Alhaji ta cika ɗakin: “Wannan Baƙon Duniya, ko wane ne shi, wallahi da zai nemi ɗiyata, na ba shi!”

“To, ya nema,” in ji Goggo.

“Yaya, ai ban san...”

“Ba kai ka hana a sani ba? Mutum ɗari huɗu suka ji ka, Gide. Da wallahi a ciki.”

Alhaji ya nemi ƙofar fita daga fatawarsa, ya tarar shi da kansa ya toshe ta.

Fatima Zahra'u ta rubuta wa Bilya: “Ba ka gane komai ba. Ka sake turo su.”

“Baba ya sauko?”

“A bar shi ya huta.”

Bayan kaka aka ɗaura auren a Kankara. Mahautan Sheme suka zo mota biyu, 'yan zaure suka zo suna tambayar juna, “Kai ne wane?” Alhaji ya sa albarka: “Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.” Ango ya durƙusa gabansa, shi kuma ya kama hannun nan ya riƙe, ya ma fi yadda ya yi niyya daɗewa.

Abin da ba a sanar a zauren ba shi ne, mako biyu kafin nan, Alhaji ya hau motar haya shi kaɗai zuwa Sabuwa, ya cire takalmi a ƙofar Alhaji Mani, ya janye maganarsa da bakinsa. Bai turo muryar wannan ba.