Wayar Tsakanin Hob da Suwic

"Ka yi magana mana! Mutane na jira, kai ka yi shiru kamar gunki!"

Auta ce ke faɗa, a ɗan ɗakin bayan shagon kwamfutocin yayanta. Dogo, saurayinta mai aikin haɗa intanet, bai ɗago ba. Yana tsugune gaban akwatuna biyu masu ƙananan fitilu, tsohon hob da suwic ɗin da Yaya ya sayo na hannu, masu raba wa kwamfutocin intanet. Wayar da ta haɗa su tana soke, amma fitilarta a mace. Rabin kwamfutocin ba intanet, ɗalibai kuwa sun cika benci suna jiran rajistar jarrabawa.

Yaya ke riƙe da Auta tun rasuwar Baba, kuma bai taɓa son Dogo ba. Da ƙyar Umma ta sa ya ba shi aikin nan. Ya ce in ya yi kyau a yi maganar aure, in ya lalace kada ya sake ganin ƙafarsa.

Yaya ya leƙo, fuska a murtuke.

"Malam, na gani da idona. Tattara kayanka."

Ya buga ƙofa ya koma.

Dogo ya zare wayar, ya haɗa kawunanta biyu ya ƙura musu ido.

"Wannan ba wayata ba ce. Wa ya taɓa nan?"

Auta ta gane wayar.

Jiya da yamma ɗan Gwaggo ya zo, mai sayar da kayan kwamfuta, wanda ya daɗe yana nemanta tana ƙi. Shi ya nuna mata wayar Dogo. Kai ɗaya ya fara da siririn zare ruwan lemo, ɗayan da kore. "Kalli aikin angon naki," ya ce yana dariya, "ko jera launi bai iya ba." Ya ba ta sabuwa a leda. Ta canza a ɓoye kada Yaya ya gani, ta jefa ta Dogo a kwandon shara.

"Ni ce..."

Sai yanzu ya dube ta.

"Na ga kawunan ba su yi daidai ba. Asirinka na so in rufa, masoyina..."

"Kar ki kira ni haka."

"Dogo!"

"Da gangan na saɓa su. Hob da suwic a layi ɗaya suke aikawa, a layi ɗaya suke saurare. Kika sa miƙaƙƙiya, baki ya haɗu da baki, kunne da kunne. Tsofaffi ne, ba sa juya kansu kamar na yanzu, sai mai giciye. Miƙaƙƙiya ta kwamfuta zuwa suwic ce. Wanda ya ba ki ya sani sarai."

"To ni ina na sani? Ka taɓa faɗa min? Kullum sai an ciro magana daga bakinka kamar haƙori!"

"Lambata ta ɓace miki ne da ba ki kira ni ba?"



Ya fara zuba kayan aikinsa cikin jaka.

"To ka haɗa wata mana! Ba ka iya ba ne?"

"Na iya. Ba zan yi ba." Ya ja zif da ƙarfi. "Yayanki ya raina ni, na daure. Ban san ke ma haka kike kallona ba. Wani ya ce ban iya ba, kika yarda."

Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi. Ta kifar da kwandon shara a ƙasa, ta tona takardu har ta ciro tsohuwar wayar. Ta tare ƙofa.

"Wallahi ba inda za ka. Yaya! Yaya, zo!"

Yaya ya shigo a fusace.

"Ke lafiyarki?"

"Ni na ɓata aikin. Ɗan Gwaggo ya zuga ni, na cire wayarsa na sa wata. Ni za ka kora."

Ta durƙusa, ta soka kai ɗaya a hob, ɗaya a suwic.

Fitilar ta kawo, koriya. Daga cikin shago wani ɗalibi ya yi ihu, "Ta dawo!"

Yaya ya dubi fitilar, ya dubi ƙanwarsa da ƙura har a gyale, ya dubi Dogo.

"Shashasha kawai. Shi kuma wancan munafukin zai gamu da ni." Ya juya, ya tsaya a bakin ƙofa ba tare da ya waiwayo ba. "Kai kuma... ka turo magabatanka."

Ya fita.

Dogo ya daɗe rataye da jakar kafin ya sauke ta.

"Zan turo. Amma har yanzu fushi nake."

"Ni ma haka."

"Kuma kar ki ƙara taɓa min waya."

Ta ja hanci, ta harare shi da jajayen idanu.

"Sai na taɓa, masoyina. Matso ka koya min."