Keken da Bai Yi Sallama a Kwarin Marke Ba

Ku matso, ku rage hasken fitilar nan. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu, don ba zan tsaya rarrashin kowa ba.

Kun san Tanimu mai keke, wanda ke jan ƙafar hagu a tashar Tungar Bawa? Ba haka aka haife shi ba. Da ƙafafunsa biyu lafiyayyu, da bakin da ya fi ƙafafun gudu. Shi ya fara kawo keke napep mai caji garin nan. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. A jona shi da farantan sola na tasha, ya sha ya ƙoshi, ya kama hanya shiru kamar kyanwa. Tanimu kuwa ya samu abin cika baki. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa zamanin fetur ya ƙare.

To, tsakanin Tungar Bawa da kasuwar Gada akwai Kwarin Marke, inda hanya ke gangarawa ta bi ta gindin wani tsohon marke. Tun zamanin manyan motocin katako, direba ba ya shiga kwarin nan sai ya danna hon sau uku. Baba Nomau, wanda ya fi kowa daɗewa a tasha, ya ja Tanimu gefe tun ranar farko.

"Yaro, abin nan naka ba ya kuka. Kada ka kuskura ka shiga kwari ba ka yi hon ba."

"Baba, ai hanya a miƙe take, ana hango komai."

"Ba don abin da kake hangowa ake yi ba. Akwai masu gida a wurin."

Tanimu ya ce to, ya juya yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ran wata Alhamis ya taso daga Gada da rana tsaka, cajinsa saura layi ɗaya. Wani ya taɓa gaya masa wai hon yana cin batir. Ƙarya ce, amma ya riƙe ta. Da ya zo gangaren sai ya janye yatsansa daga hon, ya sulale cikin kwarin ba ko tari.

Daidai gindin marken tayar baya ta hau wani abu mai laushi. Ya ji ƙas, kamar an taka kara. Sai wani siririn kuka, irin na ɗan akuya sabon haihuwa.

Ya tsaya. Ya duba gaba, ya duba baya. Ba akuya, ba kowa. Tayar ce kawai a jiƙe da wani abu baƙi mai ɗumi. Ya goge hannunsa a wando, ya tafi gida, bai gaya wa kowa ba.

Kashegari ya ɗauko 'yarsa Uwani, mai shekara huɗu, zai kai ta wurin kakarta a Gada. Ita kenan gare shi. Ya zaunar da ita a baya, tana riƙe da ƙullin ƙuli-ƙulin da uwarta ta ba ta ta kai wa tsohuwa.

Kafin gangaren, wata mata ta ɗaga hannu. Doguwa, da goyo, mayafinta har ƙasa.

"Ina zuwa, baiwar Allah?"

"Gaba kaɗan."

Ta shiga ta zauna kusa da Uwani. Keken ya nutse gefe guda kamar an ɗora buhu biyar.

Da keken fetur ne, da bai ji komai ba. Amma wannan shiru yake tafiya, don haka ya ji. Ƙwas. Ƙwas. Wani abu mai tauri yana bugun ƙarfen da ake ɗora ƙafa. Ya ji kuma numfashin goyon, yana fita da ƙyar, yana gurnani.

"Mai keke," in ji ta. Muryar kamar daga cikin rijiya. "Abin nan naka ba ya magana?"

Ko a nan bakin Tanimu bai mutu ba. "Ai shi ne na gobe, Inna. Nan da 'yan shekaru duk ƙasar nan ba za ki ƙara jin ƙarar inji ba."

"Duk ƙasar?"

"Duk ƙasar."

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Uwani ce kaɗai a kujera, ta ɗaga kai tana kallon wani abu sama da ita. Ya saci kallon ƙasa ta gefen kafaɗarsa. Mayafin ya ɗan janye. Kofato ne, irin na jaki.

Ya murɗa hannun keke iya ƙarfinsa, amma layukan cajin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa. Keken ya gangara da kansa, ya tsaya cak a gindin marke.

Hannu ya shaƙo wuyansa ta baya, aka fizgo shi waje, aka maka shi da ƙasa. Haƙoransa biyu suka zube. Kafin ya tashi, kofato ya sauka a ƙirjinsa, ya ji haƙarƙarinsa ya amsa.

Matar ta kwance goyon ta nuna masa. Yaro ne ƙarami, idanunsa a tsage daga sama zuwa ƙasa. Ƙafarsa ta hagu a murƙushe, tana reto, ga zanen taya a kai.

"Shekara sittin muna jin motocinku tun daga nesa," in ji ta. "Mu kira 'ya'yanmu, mu kwashe su daga hanya. Hayaƙinku ya ishe mu, amma motocinku suna sallama. Kai ka shigo mana gida kamar ɓarawo."

Ta miƙa hannu, hannun ya yi ta tsawo har cikin keken, ya kamo ƙafar Uwani, ya ɗago ta kai a ƙasa. Ƙuli-ƙulin ya watse a kan hanya.

"Baba!"

"Ƙafar ɗa, ƙafar 'ya," in ji matar.

Wallahi duk cika bakin Tanimu, a nan na ji tausayinsa. Ya rarrafa, jini na zuba daga bakinsa, ya rungume kofaton nan da hannu biyu.

"Ba ita ta tuƙa ba. Ni ne. An gaya mini, na ƙi ji. Ga tawa, ki ɗauka."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kwanta a hanya. Juya bayanka ga gangare. Rufe ido. Ɗana bai ji zuwansa ba, kai ma ba za ka ji ba. In ka motsa, ko ka waiwaya, ta yarinyar zan karɓa."

Ya kwanta. Ya miƙe ƙafar hagu a kan turɓaya mai zafi. Ya rufe ido.

Ya kasa kunne. Ba komai. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Keken da ya mutu yanzun nan, Tanimu ya san ya koma saman gangare, ya san yana tahowa, amma ta ina, yaushe? Abin da ya yi wata uku yana yabo, shi ne yanzu yake roƙon Allah ya yi ko ɗan ƙara. Duk tsokar jikinsa tana cewa tashi ka gudu. Ya cusa yatsunsa cikin ƙasa, ya riƙe.

Ƙas!

Bai ji zuwansa ba. Ƙarar ƙashinsa kawai ya ji. Ya yi ihu har muryarsa ta tsage, amma bai janye ƙafar ba.

"Saura biyu," in ji muryar. "Hon uku ne."

Na biyun ya raba gwiwar. Na ukun bai san lokacin da ya zo ba.

Baba Nomau ne ya tsince su da la'asar, bayan ya danna hon ɗinsa uku. Uwani na zaune a inuwar marke, ko ƙwarzane babu a jikinta, tana tsince ƙuli-ƙulinta. Tanimu na kwance cikin jini. A tafin hannunsa an damƙa masa wani zare mai 'yan ƙararrawa bakwai, irin wanda ake ɗaura wa yaro mai koyon tafiya a ƙafa.

Wata biyar ya yi a hannun mai ɗori. Da ya tashi bai sayar da keken ba. Ya ɗaura zaren nan a gaba, kusa da fitila. Yau kekuna masu caji sun kai ashirin a tashar, kuma kun ji yadda kowannensu ke tafe yana caccaka da ƙararrawa da gwangwanaye kamar tallar kwano. Baƙi suna dariya. In sabon direba ya tambayi Tanimu ko abin nan shi ne na gobe, sai ya ce, "Shi ne. Amma ka koya masa sallama." In yaron ya yi dariya, sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna masa.

Ƙararrawar Tanimu kuwa, ko keken na tsaye, ko iska ba ta kaɗawa, tana kaɗa kanta duk ranar Alhamis da rana tsaka.

Saboda haka kada in ji ɗayanku ya bi Kwarin Marke shi kaɗai. In kuwa dole ta sa, ko a ƙafa kake, ka yi gyaran murya sau uku kafin ka gangara. Yaron nan ya warke, yana jan ƙafa, kuma har yanzu a tsakiyar hanya yake wasa.