Ƙasar Tsohon Lambun Tumatir

Ina da jika ɗan aji huɗu. Yana da wayo, amma bai kai ni ba. Ai ba wanda ya kai ni.

Malaminsu ya raba musu dashen fashon-furut. Shuka ce mai yaɗo, 'ya'yanta kamar ƙwai, ga zaƙi ga ɗan tsami. Suka dasa a bayan aji. Malam ya ja musu kunne, kada kowa ya kawo ƙasa daga wani wuri.

Jikana ya ga tasa ba ta sauri. Sai ya ɗebo baƙar ƙasa a tsohon lambun tumatir na babansa. Ya zuba wa tasa, ya bi na kowa ya zuba a ɓoye, wai taimako.

Ba a jima ba ganye ya soma yin rawaya. Aka yi ta ban ruwa, a banza. Yau wannan ta kwanta, gobe waccan. Yara suna kuka, ba su san mafari ba. Jikana ya rame. Ya daina cin abinci, ni nake taimaka masa da kwanonsa.

Rannan ya ce, "Kaka, ni na kashe lambun ajinmu."

Na ce, "To, ni ba malaminka ba ne. Tashi mu je."

Ya faɗa wa Malam komai, yana hawaye. Malam ya tumɓuke ɗaya. Saiwar duk ƙulli-ƙulli, ta yi baƙi, tana wari. Ya ce akwai wata tsutsa a ƙasar, ido ba ya ganinta. Na duba da nawa idon, da ke hango allura a kan dutse, ban gan ta ba. Malam ya ce tsutsar ke huda saiwa, ciwon ruɓa ya bi ta ramin ya shiga.

"Da guda ne, da ta daure," in ji Malam. "Su biyu sun fi ƙarfinta."

Can a lungu akwai wata 'yar siririya, kore shar. Malam ya ce ƙila ƙasar ba ta kai gare ta ba.

Jikana ya ce, "Malam, ita ma na zuba mata. Har sau biyu."

Malam ya tona a hankali. Saiwa fes! Ashe iri ne daban, mai jure cututtukan biyu. Da yaron ya yi shiru, da ba a gane ba.

Suka ƙone matattun, suka dasa rassanta. Bana lambun ya cika, har an kawo mini 'ya'yan. Na shanye, na ce tsami ya yi yawa.

Yara, ku ji maganar malamanku. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya duka.