Ƙafar Zomo da Kunnen Atine

"Zomaye! Saboda zomaye za ki kashe wa ɗana aiki?"

Atine ta sunkuyar da kai, ta ja tobinta, dogon mayafin da ta yafa, ta ƙara rufe kunnen hagu. Hajja Sa'adiyya, mahaifiyar saurayinta Saifuddeen, tana tsaye a tsakar gidan su Atine tana huci.

Saifuddeen ne ya haɗa ruwan da ake shafe ƙusoshin ɗorin ƙashi da shi, don kada jiki ya ƙi su. Atine ce mai gwaji a jami'a. Ta dasa su a ƙafafun zomaye, duk suka kumbura suka ɗuri ruwa.

"Hajja, a jikin mutum fa za a sa..."

"Kalas! Rufe mini baki!"

Rawan, 'yar ƙanwar Hajja, wadda ta daɗe tana harin Saifuddeen, ta taɓe baki. "Khalti, baƙin ciki ne. Ba ta so ya fi ta."

Saifuddeen ya matso, idonsa jawur. "Habibti, ki ce ya yi kyau kawai. Daga baya na gyara."

"Ba zan ce ba."

"Ko da auren zai mutu?"

Kunnenta ya ɗau zogi, sai wani abu ya faɗo mata a rai.

"Saif... a ina ka tsoma ƙusoshin?"

"Injin jami'a ya mutu, takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan ya hana kayan gyara shigowa. A shagon Baba na yi, a suk, can cikin kasuwa."

"A kwanon da yake rina 'yankunne?"

"To, sai me?"

A hankali ta yaye tobin. Kunnen ya kumbura suntum, ɗankunnen baikon da ya ba ta ya nutse cikin nama.

"Daga kwanon nan ya fito. Kunya ta hana ni cirewa, kada ka ce na raina kyautarka."



"Sharri ne!" in ji Hajja. "Garin Gadarif kaf ba wanda..."

"Yumma, ya isa," in ji Saifuddeen.

Ya sa hannu ya zare ɗankunnen, ya jefa shi cikin murhu.

"Ki rubuta ya faɗi, Atine. Zan sake daga farko."

Rawan ta figi jakarta ta fice.

Atine ta share hawaye. "Wannan karon ni zan wanke kwanon."