Wayar da Datarta Ta Ƙare

Da hantsin ranar Juma'a aka buɗe siton ƙungiyar manoman masara da ke Funtua, aka tarar da shi wayam. Buhu ɗari biyu na ingantaccen iri sun yi ɓatan dabo, kwaɗon ƙofa kuwa lafiya lau. Ga ruwan shuka ya sauka, manoma sun cika harabar suna jiran rabo.

Sufeto Zuwaira ta duba kwaɗon, ta tambayi masu riƙe da makulli. Mutum uku ne: Rashida mai kula da sito, Sama'ila sakatare, da shugaban ƙungiya, dattijo Baƙo daga wani ƙauye bayan Dandume.

Rashida ta fara fita daga zargi. Tun Litinin tana jinyar mahaifiyarta a Malumfashi, ma'aikatan asibiti sun tabbatar, makullinta kuma na cikin jakarta.

Sama'ila ya miƙa wayarsa tun ba a tambaye shi ba. "Ranki ya daɗe, duba imel ɗin ƙungiya, ba abin ɓoyewa."

Tana dubawa sai ga sabon saƙo daga wani baƙon adireshi: "Kaya sun iso lafiya." Ta nemi saƙon da aka ba wa wannan amsa, babu. Ta buɗe kwandon shara, shi ma fes.

"Malam Sama'ila, wa ya share kwandon?"

"Ban sani ba. Imel ɗin nan har a wayar Baba Baƙo yake, kuma 'yan gidansa suna taɓa ta." Ya gyara zama. "Abin da aka goge daga kwando ai ya tafi ke nan, ko?"

"Galibi," in ji ta, ta mayar masa da wayarsa.

Baƙo ya shigo ofishin ƙungiyar. A waje an fara kiran sunansa da ɓarawo.

"'Yata, ni ko karatun boko ban iya ba. Wayar nan ɗiyata ta saya mini don hotunan jikoki. Tun yammacin Talata ma datar ta ƙare."

Sama'ila ya zaro wayarsa da sauri. "Bari in tura masa data, a duba kowa ya huta."

"Ajiye ta!" Zuwaira ta daka tsawa. Ta karɓi wayar Baƙo, ta kashe, ta zare layin, sannan ta kunna. Ta shiga wajen saƙonnin da aka aika. Ga shi nan, Talata ƙarfe goma na safe: "Buhu ɗari biyu. Mota ta zo Alhamis lokacin azahar. Direba ya kira wannan lambar."

Ta kira lambar da ke ƙasan saƙon da wayarta. Can sai wata ƙaramar waya ta fara ruri a aljihun wandon Sama'ila.

"Ɗauka mana," in ji ta. "Kiranka ake yi."

Ya dafe aljihun.

"Ka goge saƙon bayan an kwashe kaya, ka share kwando," ta ce. "Amma wayar Baba ta riga ta sauke shi tun Talata, kuma ba ta sake hawa intanet ba, balle ta san an goge. Da datar nan taka ta shiga, da saƙon ya ɓace a nan ma. Shi ya sa kake gaggawar yi masa alheri."

Kafin la'asar Sama'ila ya faɗi sunan mai sayen da inda sitonsa yake a Danja. Washegari aka dawo da buhu ɗari da tamanin da shida, sauran an riga an sayar.

Baƙo ya tsaya a bakin sito har aka gama rabo. Da layi ya zo kansa, irin ya ƙare. Ya karkaɗe hularsa, ya ce yana da na bara a rumbu, shi zai shuka.