Makiyayi da Ramin Yashi

A wani zamani an yi rani mai tsanani, kogin wani ƙauye ya ƙafe. Mutane suka tona rami a yashin kogin, ruwa yana tsattsafowa a hankali. In an ɗiba ya sauka, in an jira ya hau. Kowa ya san ba a barin ƙwarya ta taɓa gindin ramin.

Wata rana wani makiyayi mai suna Jatau ya zo da saniyarsa guda, ƙishirwa ta kusa kashe ta. Ya tarar da wata tsohuwa tana jira.

Ya ce, "Iya, bar ni in fara."

Ta ce, "Fara, ɗana. In ya sauka, ka dakata."

Ya ɗiba, ruwa ya sauka. Ya sake ɗiba, ya ƙara sauka. Saniya ta shanye, tana neman ƙari.

Tsohuwa ta ce, "Dakata haka."

Ya ce, "Ke tulu kika kawo, Iya. Tulu ba ya mutuwa."

Ya danna ƙwarya cikin yashi. Gefen ramin ya rufta, ruwa ya ɓace.

Matan ƙauye suka iso da tuluna. Ba wadda ta zage shi. Tsohuwa ta ce, "Tona. Yaranmu ba su sha ba tun safe."

Jatau ya yi ta tono har la'asar. Da ruwa ya dawo, ya koma bayan layi. Kowace mace ta ɗiba, ta jira. Kafin layi ya zo kansa, saniyar ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba.