Amsa Biyu a Cikin Kwazazzabo

Ƙarfe biyar da rabi Auta ya rufe littafin baƙi, ya sake buɗewa. Mutum goma sha huɗu suka shiga gandun dajin a ranar, sha uku suka fito. Na sha huɗun yayansa ne.

Shekara goma sha tara Auta yana gadin wannan gandu na hamada, gwiwoyinsa kuwa sun fi shi sanin lissafin. Sau biyu ya hau kwazazzabon da ke cikin gandun a ranar, yana raka baƙi su ga inda ruwa kan zubo daga kan dutse kwana huɗu ko biyar a shekara, in an yi sa'a. Bana ba a yi ba. Wata goma sha ɗaya ko ɗigo. Baƙin suka ɗauki hoton busasshen dutse, suka dawo suna hararsa kamar shi ya shanye ruwan.

Tun da safe ya gaya wa Yaya haka. Yaya, tsohon direban babbar mota, ya taɓe baki kawai. Matarsa ta taɓa ganin hoton ruwan a wayar Auta, ta ce a kai ta. Shekara shida yana ce mata baɗi. Wata uku ke nan da rasuwarta.

"Ko busasshe ne sai na gani," in ji shi. "Kai dai zauna ka lallashi ƙafafunka, ɗan tsoho."

Yanzu ga rana tana shirin faɗuwa. Auta ya ɗauki tocila, ya ja ƙafa ya kama hanya. Sai da ya ci rabin tafiyar ya shafa ƙirjinsa, ya ji babu usur. Ya bar shi rataye a ofis.

Abin da ake fara koya wa sabon mai gadi ke nan: ba a kiran mutum da baki a cikin kwazazzabon, usur ake busawa. Masu ilimin boko sukan ce amsa-kuwwar dutse ce ke ɓatar da mutum. Tsofaffin ma'aikata ba sa cewa komai. Busawa kawai suke yi.

Ya dubi hanyar da ya baro. Ya dubi gwiwoyinsa. Ya ci gaba.

Bangon dutse ya matso ta dama da hagu. Yashi yana ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Babu tsuntsu, babu iska. Can sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa, irin na ruwan farko.

Ya ɗaga kai. Sama fes, ko ƙyallen girgije.

Sannan ya ji zubar ruwa. A hankali da farko, kamar an bar famfo a buɗe a gidan maƙwabta.

Gajiya ta rinjaye shi. Ya haɗa tafukansa a baki.

"Yaya!"

Amsa ta zo daga bayansa, ta wajen hanyar fita, da muryar Yaya sak.

"Na'am, ƙanena. Ai na riga na sauko. Zo mu tafi gida ka huta."

Wani daɗi ya sauka a ƙafafun Auta. Ya juya. Taku ɗaya, biyu, uku.

Ya tsaya.

Shekara hamsin suna tare. Yaya bai taɓa ce masa na'am ba.

Daga gaba, can ƙurya, wata muryar ta taso a gajiye.

"Kai, ka ishe ni da ihu sai ka ce kwandasta."

Auta bai sake waiwayawa ba. Ya hau da ɗingishi, yana dafa bango.

A gindin dutsen ƙarar ruwan ta cika ko'ina. Feshi mai sanyi yana taɓa fuskarsa. Ya haska tocila. Dutse busasshe, fari fat da ƙura.

Yaya yana tsaye gab da dutsen, ya miƙa hannun dama gaba. Hannun rigar ya jiƙe har gwiwar hannu. Ruwa yana ɗiga daga yatsunsa, yatsun kuma a lanƙwashe, kamar ya riƙe hannun wani.

"Matata ta ce na makara," Yaya ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Amma ta ce ba komai."

Auta ya damƙi bel ɗinsa ta baya. Ya ja.

Aka ja daga can.

"Yaya," ya raɗa masa, "ni na ɗauki makararta. Kai ka fara zuba ƙasa."

"Na sani, shashasha." Muryar Yaya ta karye. "Amma hannun nata ne."

Jiƙewar ta haura kafaɗa.

Auta ya yi bisimilla, ya kafa ƙafarsa mai ciwo a jikin dutse, ya fizga da duk abin da ya rage masa. Wani abu ya ce ƙas a gwiwarsa. Suka zube a kan yashi.

Ƙarar ta ɗauke. Tsit.

Yaya ne ya tallabo shi suka gangaro. A bayansu akwai taku, caɓ, caɓ, na jiƙaƙƙiyar ƙafa.

"Yaya!" aka kira.

Muryar Auta ce.

Auta ya toshe bakin yayansa da tafin hannu, bai cire ba sai da suka hango fitilar ofis.

Gwiwar ba ta sake komawa daidai ba. Aka mayar da Auta bakin ƙofar gandun, yana zaune yana miƙa wa baƙi biro. Yaya ya koma gida wurin 'ya'yansa. Sun ce tafin hannunsa na dama kullum da danshi, ko da zafin rana, kuma ba ya yarda a goge.

Duk lokacin da hadari ya haɗu, wayar Auta takan yi ƙara.

"Ɗan tsoho, ya zubo?"

Shekarar da ta biyo baya ruwan ya yi kwana tara yana zuba, har daga bakin ƙofa ana jin ruguginsa. Auta ya shiga ofis, ya rufe taga, ya kare wayar da hannu.

"Bai zubo ba, Yaya. Sai baɗi."